Kowa da Hujjarsa, Amma Gida Ya Rushe

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutane Ya kuma sanya dangantaka a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu duba wata mas'ala mai sauƙin faɗi amma mai wuyar warwarewa, watau idan mutum yana da haƙƙi na gaskiya a hannun ɗan'uwansa na jini, shin ya dace ya bi wannan haƙƙi ta kowace hanya, har inda ƙarfinsa ya ƙare, ko da gidan da ya haife su zai faɗo a kansu duka? Mutane da yawa za su ce i, domin haƙƙi haƙƙi ne. Waɗansu kuwa za su ce a'a, zumunci ya fi kuɗi, a yi haƙuri a bar wa Allah. Kafin mu goyi bayan ɗaya daga cikinsu, bari mu ji labarin wani gida na ƙasar Italiya wanda ya bi amsar farko har ƙarshenta.

Gidan da muke nufi shi ne gidan Gucci. Duk mai shiga kasuwa ya taɓa ganin wannan suna a jikin jaka ko takalmi ko tabarau, na ainihi ko na jabu, amma kaɗan ne suka san cewa sunan wani mutum ne, kuma tun shekarar 1993 kamfanin ya fita daga hannun zuriyarsa. Mutanen nan ba Musulmi ba ne, saboda haka ba za mu auna su da hukuncin da ba su bi ba, ba kuwa mun kawo labarinsu don a yi musu dariya ba. Zuciyar ɗan Adam iri ɗaya ce ko'ina, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Asalin Gidan

Wanda ya kafa gidan, Guccio Gucci, an haife shi a birnin Fulorens cikin shekarar 1881. Yana saurayi ya tafi neman abinci Landan, ya sami aikin hidima a wani babban masaukin baƙi mai suna Savoy, inda ya riƙa ganin irin akwatuna da jakunkunan da attajirai suke tafiya da su. Bayan ya komo gida, a shekarar 1921 ya buɗe ɗan kanti a Fulorens yana sayar da akwatunan tafiya da sauran kayan fata. Kasuwa ta karɓe shi. A 1938 aka buɗe reshe a birnin Rum, a 1947 kuma, sa'ad da kayan aiki suka yi wuya saboda yaƙin duniya na biyu, suka fito da jakar mata mai mariƙin gora, wadda ta ƙara ɗaukaka sunansu. A farkon shekarar 1953 tsohon ya rasu, daidai lokacin da 'ya'yansa suke kafa kantinsu na farko a birnin Niyu Yok na Amurka.

Ya bar 'ya'ya maza uku a cikin sana'ar, watau Aldo da Vasco da Rodolfo, da kuma yayarsu mace mai suna Grimalda. Ita wannan Grimalda ta yi shekaru tana aiki a kantin, kuma mutumin da ta aura shi ne ya ranta wa tsohon kuɗi a shekarun farko, lokacin da kantin ya kusa durƙushewa. Amma tsohon ya riga ya ƙudura cewa 'ya mace ba za ta riƙe rabo a kamfanin ba. Da ya rasu sai maza uku suka raba kamfanin a tsakaninsu, ita kuwa aka bar ta a waje. Ta kai ƙara kotu, ba ta yi nasara ba. Har wa yau masu rubuta tarihin gidan sun ambata cewa tsohon yana da ɗabi'ar gwara kan 'ya'yansa, domin a ganinsa gasa a tsakaninsu ita za ta sa su ƙwazo. Sai mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, domin za mu komo kansu.

Daga cikin maza uku Aldo shi ne mai zafin nema. Shi ya kai sunan Landan da Faris da Tokiyo, har ya zama sarakuna da matan shugabanni da taurarin sinima suna alfahari da riƙe kayan Gucci. Rodolfo, wanda ya taɓa zama ɗan wasan sinima, ya riƙe kantin birnin Milan, yana renon ɗansa tilo mai suna Maurizio bayan rasuwar matarsa. Vasco kuwa ya kula da masana'anta, ya rasu a 1974 bai bar ɗa ba, sai 'yan'uwan biyu suka saye rabonsa daga hannun matarsa, kamfani ya zama rabi da rabi a tsakaninsu. Daga nan Aldo ya yanki kashi 10 cikin 100 daga nasa rabin ya raba wa 'ya'yansa uku, Giorgio da Paolo da Roberto, kowanne ya sami kashi 3.3, shi kuma ya rage da kashi 40.

A shekarar 1972 Maurizio ya auri wata yarinya mai suna Patrizia Reggiani ba da yardar mahaifinsa ba, har uban ya ƙi halartar ɗaurin auren. Baffansa Aldo ne ya shiga tsakani ya sasanta su, sa'an nan ya ɗauki Maurizio zuwa Niyu Yok ya koya masa kasuwanci a ƙarƙashinsa.

Yadda Wutar Ta Kama

Fitina ta fara fitowa fili ne ta hannun Paolo, ɗan Aldo na tsakiya, wanda yake da basirar zana kaya, yana kuma ganin an danne shi. Ya nemi ya fito da kaya da sunansa na kansa, uban da baffansa suka ƙi, a 1980 aka kore shi daga aiki, aka shiga shari'a a kan ko yana da ikon yin ciniki da sunan da aka haife shi da shi. A 1982, a wani taron daraktoci a Fulorens, Paolo ya fito da rikoda zai ɗauki abin da ake faɗa, aka yi kokawa, ya fito da jini a fuska, ya kuma kai danginsa ƙara yana neman diyyar fiye da dala miliyan 13. A cikin waɗannan shari'o'i ne ya miƙa wa kotun Amurka takardun da suka nuna yadda ake karkatar da kuɗin kamfani zuwa ƙasashen waje don kauce wa haraji.

A 1983 Rodolfo ya rasu, Maurizio ya gaji rabin kamfani. Mai rabi ba ya iya zartar da kome shi kaɗai, amma idan aka haɗa kashi 50 da kashi 3.3 an sami rinjaye. Saboda haka a 1984 Maurizio ya haɗa kai da Paolo, suka tuɓe Aldo daga shugabanci, ɗa ya taimaka aka kayar da ubansa, ɗan ƙani ya kayar da baffan da ya rene shi a sana'a. Wannan ƙawance bai daɗe ba, domin alkawarin da aka yi wa Paolo na sayen rabonsa ya wargaje, shi ma ya juya wa Maurizio baya. A 1986 Aldo ya amsa laifin ƙin biyan harajin da ya wuce dala miliyan 7, alƙali ya ɗaure shi shekara ɗaya da kwana ɗaya, alhali yana da shekara 81 a duniya. Aldo da 'ya'yansa su kuma suka zargi Maurizio da cewa an ƙirƙiri sa hannun mahaifinsa a takardun hannun jari don a guje wa harajin gado. A 1987 Maurizio ya hau babur ya tsere zuwa ƙasar Suwizalan don kada a kama shi, ko da yake daga baya kotu ta wanke shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Maurizio da kansa ne ya nemo baƙo, wani kamfanin zuba jari na ƙasar Baharain mai suna Investcorp, don ya saye rabon 'ya'yan baffansa. Paolo ya fara sayarwa, sauran suka biyo baya, a 1989 Aldo ma ya saki abin da ya rage a hannunsa, ya rasu a watan Janairu na 1990. Maurizio ya zauna a kan kujerar da ya daɗe yana nema, amma ya kashe kuɗi ba lissafi a kan ofisoshi na ƙawa da rayuwar ƙasaita, kamfani ya yi ta faɗuwa, bashi ya yi masa katutu. A 1993 tilas ta sa ya sayar wa baƙon da ya kawo da nasa rabin. Shekara 72 bayan buɗe ɗan kantin Fulorens, babu sauran ɗan gidan da yake da iko a kamfanin.

Saura mafi muni. Tun 1985 Maurizio ya bar matarsa da 'ya'yansu mata biyu, a 1994 aka raba auren. Ran 27 ga watan Maris na 1995, da safe, yana hawa matakalar ofishinsa a Milan, wani mutum ya harbe shi ya mutu nan take, ya kuma raunata maigadi. Shekarunsa 46. A watan Oktoba na wannan shekara Paolo ya rasu a Landan, bayan ya riga ya shaida wa kotu cewa ya karye. A farkon 1997 aka kama Patrizia, a 1998 kotu ta tabbatar cewa ita ta biya lira miliyan 600, kuɗin Italiya na wancan zamani, aka kashe tsohon mijinta, ta hannun wata aminiyarta da aka sani da duba. Aka ɗaure ta shekara 29, aka rage zuwa 26 bayan ɗaukaka ƙara, ta gama zaman hukuncinta a 2016. Ko bayan haka ma sai da aka sake shiga kotu tsakaninta da 'ya'yan cikinta a kan kuɗin da ake ba ta kowace shekara daga dukiyar mamacin.

Kowa da Tasa Gaskiyar

To, jama'a, abin da zai ba mai hankali tsoro a wannan labari shi ne kusan kowane ɗayansu yana da hujja ta gaskiya. Aldo zai ce da guminsa aka gina sunan, kuma haka ne. Paolo zai ce an wulaƙanta shi, kuma laifin harajin da ya tona ba ƙage ba ne, tun da mai laifin ya amsa da bakinsa. Maurizio zai ce an zubar da darajar sunan, domin a shekarun 1980 ana buga shi a kan kaya iri-iri fiye da 20,000, har da na araha, kuma waɗanda suka karɓi kamfanin daga baya sun bi shawararsa ta rage tarkace sun ci riba. Ita ma Patrizia za ta ce an yasar da ita da 'ya'ya bayan shekara 13 da aure, ko da yake babu wani ɓacin rai da zai zama uzurin zubar da jini. Mun saba ɗauka cewa ƙarya da zalunci tsantsa su ne suke rushe gida. Ga gida nan ya rushe a hannun mutanen da kowannensu yake riƙe da wani yanki na gaskiya, yana sara da shi kamar gatari.

Ashe ke nan masu cewa a yi haƙuri a bar wa Allah su ne da gaskiya? Kafin mu ce haka sai mu tuna da Grimalda. A gidajen da ake yawan kiran haƙuri, galibi mai rauni ake cewa ya yi shi, watau 'ya mace da maraya da ƙane da matar mamaci. Ranar da aka fitar da Grimalda daga gadon kamfani, kotu kuma ta sallami ƙararta, yaran gidan da suke tasowa sun koyi darasin da ba a rubuta a allo ba: a wannan gida wanda ya fi ƙarfi da lauya shi ne mai rabo, kuma ana iya kayar da ɗan'uwa a kwana lafiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da maza uku suka yi wa yayarsu a 1953 shi ne ɗa da ɗan ƙani suka yi wa Aldo a 1984, hanyar ɗaya ce, mutanen ne kawai suka sake. Shirun da aka yi a kan haƙƙin mai rauni jinkirta fitina ya yi kawai, ta kwanta shekara talatin sa'an nan ta tashi da ƙarfinta.

A nan ne mutum zai ga hikimar da take cikin yadda Musulunci ya ɗauke rabon gado daga hannun uba da babban wa. Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo a cikin abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, sa'an nan ta ƙididdige rabon kowa a ayoyi na 11 da 12 da 176. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji. Ko kyauta ta lokacin rayuwa ma an yi mata linzami. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashiru ya yi masa wata kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Da Manzo ya ji cewa ba a yi wa sauran 'ya'yan irinta ba, sai ya ƙi shaidar, ya umurci uban da yin adalci tsakanin 'ya'yansa, uban ya janye kyautar. Uban da yake fifita wani ɗa, ko yake gwara kan 'ya'yansa don su yi ƙwazo, yana iya samun ƙwazon da yake so a rayuwarsa, amma ƙiyayya ce zai bar musu gado tare da dukiyar. Saboda haka zumuncin da ake nema da danne haƙƙi ba zumunci ba ne, kuma amsa ta biyu ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Neman Haƙƙi da Neman Fansa

Amsa ta farko ma ba ta tsira ba, domin akwai bambanci tsakanin neman haƙƙi da neman fansa, ko da yake a ido sukan yi kama, kotu ɗaya suke zuwa, takarda ɗaya suke cikewa. Ga ma'aunin da mutum zai gwada kansa da shi: in aka ba ka abinka cikakke a asirce, ba tare da ɗan'uwanka ya ji kunya ko ya durƙusa ba, zuciyarka za ta kwanta? In za ta kwanta, haƙƙi kake nema. In kuwa sai ka ga an tozarta shi tukuna, to fansa kake nema, haƙƙin riga ce kawai ka sa mata. Mai neman haƙƙi yana da inda zai tsaya, domin haƙƙi yana da iyaka. Mai neman fansa ba shi da matsaya, domin kowane sara yana jawo ramuwa, kowace ramuwa kuma tana zama sabuwar hujja.

Wani zai ce, to ai Paolo gaskiya ya faɗa, kuma aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta wajabta tsayuwa da shaidar gaskiya ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba mu ce zumunci ya halatta rufa wa ɓarna asiri ba. Wanda aka kira shaida tilas ya faɗi abin da ya sani, wanda kuma ya ga ana cin dukiyar jama'a bai kamata ya yi shiru don mai cin ɗan'uwansa ne ba. Amma ayar da ta yi wannan umurni ta ɗaure shi da sharaɗi, shi ne shaidar ta zama domin Allah. Allah kaɗai Ya san abin da yake zuciyar Paolo. Abin da yake a zahiri shi ne takardun sun fito a tsakiyar rigimarsa ta kansa, bayan an kore shi, a matsayin makamin matsa wa uba lamba. Gaskiyar da aka adana a aljihu sai ranar faɗa ta zo aka zaro ta, tana iya zama gaskiya a gaban alƙali, amma mai ita ba zai sami ladar mai gyara ba, kuma yawanci ba ya samun abin da ya nema. Paolo ya ga an ɗaure tsohonsa, shi kuma ya mutu da bashi a kansa.

Abu na gaba shi ne hanya. Shari'a ba ta hana kai ƙara gaban alƙali ba, amma malamai sun daɗe suna kwaɗaitar da alƙalai su mayar da dangi ga sulhu kafin yanke hukunci, domin hukunci yana raba gardama amma yakan bar gaba a zuciya. Akwai nasiha a keɓe, akwai sa manya su shiga tsakani, akwai naɗa masu sasantawa daga ɓangarorin biyu kamar yadda Alƙur'ani ya tsara a rikicin miji da mata. A gidan Gucci an raba kamfani rabi da rabi ba tare da an ajiye wani wanda kowa yake jin maganarsa ba, saboda haka da gardama ta taso babu mai raba ta sai lauyoyi, waɗanda abincinsu yake cikin tsawonta, da baƙon mai kuɗi, wanda ba a zarginsa da kome, domin ciniki ya zo yi, ya kuma yi shi. Maurizio ya kira baƙo don ya fitar masa da 'yan'uwansa, ƙofar da suka fita ta nan shi ma ya bi bayan shekara huɗu. Ita kuwa matar, da baƙin ciki ya cika ta, abokiyar shawararta 'yar duba ce. Wanda ya kai ɓacin ransa wurin boka ko ɗan duba ya kai busasshiyar ciyawa wurin mai wuta.

Wa Ya Kamata Ya Yi Haƙuri?

Idan muka duba misalan da addini ya ajiye mana, za mu ga cewa afuwar da ake yabo ta mai iko ce. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yafe wa 'yan'uwansa ne a ranar da suka tsaya gabansa suna neman abinci, taskokin Masar suna hannunsa, ba kuwa ya ɓoye musu cewa sun yi laifi ba. Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, yana ciyar da wani matalaucin ɗan'uwansa mai suna Misɗahu, sai wannan ɗan'uwa ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi kome ba, kuma wa zai ce ba shi da hujja? Amma da aya ta sauka a Suratun Nur tana kiran ma'abota falala da wadata zuwa ga yafewa, sai ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. A duka misalan biyu an fara tabbatar da gaskiya, sa'an nan mai ƙarfi ya sauke hannunsa.

Da Aldo, a lokacin da yake da cikakken iko, ya sakar wa ɗansa Paolo wani fage ya gwada basirarsa, ko da Maurizio, ranar da rinjaye ya zo hannunsa, ya bar wa baffansa tsoho kujerar girma ya ci gaba da gyaran da yake so a hankali, da wataƙila labarin ya sake. Kowannensu ya sami ranar da yake sama, kuma kowannensu ya yi amfani da ranar wajen murƙushe na ƙasa, har ranar ta juya.

Sai mu yi lissafin abin da aka samu. Bayan dangin sun fita, sababbin masu kamfanin suka danƙa shi ga wani lauya mai suna Domenico De Sole da wani mai zana tufafi Ba'amurke mai suna Tom Ford, cikin 'yan shekaru kamfanin da ya kusa mutuwa ya farfaɗo, a 1995 aka sa shi a kasuwar hannun jari, daga 1999 kuma ya fara shiga hannun wani babban kamfani na Faransa wanda yanzu ake kira Kering. Watau itacen bai mutu ba, masu shi ne suka kasa zama a inuwarsa tare. A 2021 har fim aka yi da labarinsu, duniya ta biya kuɗi ta kalli abin kunyar gidan. Wannan ya nuna cewa dukiyar ba ita ce mai laifi ba, tana nan tana amfanar waɗansu. Abin da ya ƙare shi ne amana tsakanin mutanen da jini ya haɗa.

Amsar tambayarmu ke nan. Haƙƙi abin nema ne, kuma wanda ya hana shi shi ne farkon mai yanke zumunci, ko da bakinsa yana cike da kiran haƙuri. Amma haƙƙi bai halatta kowace hanya ba. Ana nemansa gwargwadonsa, da niyyar karɓar abin da yake naka ba tare da tozarta ɗan'uwa ba, ana fara wa da hanya mafi sauƙi, ana kuma tsayawa idan an samu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka muna kira ga magidanta masu dukiya, babba ce ko ƙarama, su daidaita tsakanin 'ya'yansu tun suna da rai, su rubuta abin da yake nasu da abin da yake na abokan tarayya da bashin da ake bin su, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Muna kira ga magada su raba gado da wuri a gaban masana, su fitar wa mata da marayu rabonsu cikakke, ko da sun yi niyyar ci gaba da juya dukiyar tare, domin tarayyar da aka shiga da yardar rai bayan kowa ya san nasa ta fi wadda aka tsare mutum a cikinta don bai san nasa ba. 'Yan'uwan da suke kasuwanci tare su amince tun ana zaman lafiya da wani dattijo ko malami wanda za su koma gare shi in saɓani ya taso. Wanda kuma yau yake da rinjaye a gidansu, ya tuna cewa ƙannensa da 'ya'yansa suna kallon yadda yake yi da na ƙasa da shi, kuma da wannan mudun za su auna masa.

Allah Ya ba mu ikon bayar da haƙƙi kafin a tambaye mu, Ya ba mu ikon yafewa a ranar da muke da ikon ramawa, Ya kiyaye gidajenmu daga fitinar dukiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin. Sai kuma mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.